Motar Injekta Ba Ta da Sukurun Rage Mai: Kira ga Masu Motoci da Makanikai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana da masu motoci da kuma 'yan'uwana makanikai a kan wata buƙata da ta yawaita a gareji tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura dubu ɗaya a garuruwa da dama, don haka babu laifi ga mutumin da ya shigo gareji ya ce, "Oga, a rage mini mai, motar nan tana sha." Laifin yana wajen wanda ya karɓi kuɗinsa ya ce ya rage, alhali motar ba ta da wurin da ake ragewa da hannu.

Na shafe shekaru ina koyar da gyaran mota a wata kwalejin fasaha kafin in yi ritaya, kuma da Fijo 504, wadda ake harhaɗawa a Kaduna a wancan lokaci, na buɗe ido a wannan sana'a. A waccan mota maganar rage mai tana da ma'ana, domin kafireta tana da sukuru wanda makanike zai murɗa da sukundireba yana kasa kunne, har sai silo ya daidaita, sannan ya zare fulogi ya duba launinsa: idan baƙi ne mai ya yi yawa, idan fari fat ne mai ya yi kaɗan, idan kuma ruwan ƙasa ne aiki ya yi. Gwaninta ce ta gaske, kuma ba na raina ta. Sai dai saitin da aka yi da safe ba ya sanin abin da zai faru da rana. Tsofaffin direbobi sun san cewa motar da aka saita a Legas, wadda take bakin teku, idan ta hau Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, sai ta fara baƙin hayaƙi ta rasa ƙarfi, saboda iskar can ta fi sauƙi da kamar kashi 11 cikin 100, ita kuwa kafireta ba ta rage mai daidai da raguwar iskar. Wannan raunin ne injekta, wato tsarin da kwamfuta ke auna mai ana fesa shi cikin injin a maimakon kafireta, ta zo ta magance, kuma hanyar da ta bi wajen magance shi ita ce abin da nake so mu fahimta.

Man fetur yana ƙonewa tas ne idan kowane kilo ɗaya nasa ya gauraya da kilo 14.7 na iska. Lita ɗaya ta fetur ba ta kai kilo guda ba, nauyinta kamar kashi uku cikin huɗu na kilo ne, amma duk da haka tana buƙatar iskar da ta kai kimanin lita 9,000. Wato injin mota iska yake ci, mai kuwa ɗan gishiri ne a cikin miya. Idan mai ya wuce wannan awo, ragowar da ba ta samu iskar ƙonewa ba takan fita ta salansa a matsayin hayaƙi da iskar guba ta kabon monoksaid, kuɗin mai motar ke nan suka bi iska. Idan kuma mai ya gaza, injin yakan yi shaƙuwa, ya yi zafi fiye da kima, idan kuma yana ɗauke da kaya a kan tudu sai ya shiga ƙwanƙwasa, wadda takan kai ga ƙona bawul ko huda fistin. Saboda haka mai cewa a rage masa mai yana roƙon abin da, in da za a yi masa shi da gaske, zai fi kuɗin man tsada.

Asalin na'urar da ke tsare wannan awo ba daga neman arahar mai ya fito ba. Hayaƙin da ya turnuƙe birnin Los Anjelas ne ya sa jihar Kalifoniya, daga baya kuma gwamnatin Amurka ta hanyar dokar tsabtar iska ta 1970, suka tilasta wa kamfanonin mota su rage gubar da ke fita daga salansa. Maganin da ya fi inganci shi ne tukunyar tace hayaƙi mai aiki uku, wadda makanikanmu suke kira indomi saboda cikinta ya yi kama da taliyar, amma wannan tukunya ba ta iya yin ayyukanta ukun a lokaci guda sai an riƙe awon nan na 14.7 ƙam, ba a karkata dama ko hagu ba sai ɗan ƙanƙani. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera sensar da ke sansanar iskar oksijin a cikin hayaƙi, kamfanin Volvo na Suwidin kuma ya fara sa ta a motocinsa na jerin 240 da aka yi domin kasuwar Kalifoniya a 1976. Kusan duk motar fetur da ake shigo mana da ita a yau, daga Amurka ne ko daga Beljiyam, a kan wannan tsarin aka gina ta.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Sensar tana ɗaure a jikin bututun hayaƙi kusa da injin, kafin indomi. A cikinta akwai wani ɗan tangaran da aka yi da sinadarin zirkoniya aka shafe shi da farin ƙarfen filatinam, gefe ɗaya yana fuskantar hayaƙi, ɗaya gefen yana fuskantar iskar waje, bambancin oksijin da ke tsakanin ɓangarorin biyu kuma shi ke haifar da 'yar wutar lantarki. Idan mai ya yi yawa, oksijin ya ƙare a hayaƙi, wutar takan kai kusan volt 0.9, idan mai ya yi kaɗan, oksijin ya yi saura, sai ta sauko kusan 0.1. Kwamfutar motar, wadda a gareji ake kira birenbos, tana duba wannan saƙo ba dare ba rana, idan ta ga 0.9 sai ta ɗan gajarta lokacin da nozul, bakin da ke fesa mai cikin injin, yake buɗe, idan ta ga 0.1 sai ta ɗan tsawaita shi, ana ta wannan kai da komo kusan sau ɗaya ko fiye a kowace daƙiƙa. Saitin da a da makanike yake yi sau ɗaya a wata uku, yanzu motar da kanta take yin sa sau dubbai tsakanin Kano da Zariya. Sensar ba ta fara magana sai ta yi zafin da ya haura digiri 300 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa na zamani suke da wayoyi huɗu, biyu daga ciki na ɗan hita ne da ke ɗumama ta tun injin bai gama farkawa ba.

Akwai lokutan da kwamfutar take yin biris da sensar da gangan. Da sassafe, kafin injin ya yi zafi, takan ƙara mai domin sanyi yana hana fetur zama tururi yadda ya kamata, haka nan idan direba ya danne totur har ƙasa takan sauko da awon zuwa wajen 12.5 ko 13, inda injin ya fi ƙarfi kuma ƙarin man yake sanyaya masa ciki. A riƙe wannan batu na sanyi, domin a nan ne babbar ɓarnar da muke yi take.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne motar tana rubuta duk gyaran da take yi, kuma kowa zai iya karantawa. Tun daga samfurin 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta kasance da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ma ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Idan aka jona na'urar bincike a wannan soket, wadda har akwai ƙarama mai araha da ke aiki da wayar hannu, za a ga lambobi biyu masu muhimmanci. Na farko, wanda ake rubutawa STFT, shi ne gyaran nan take da kwamfuta ke yi a wannan daƙiƙa. Na biyu, LTFT, shi ne gyaran da ta haddace bayan ta lura cewa kullum gefe guda take karkata. Idan aka haɗa su biyun aka samu abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, sama ko ƙasa, injin yana cikin ƙoshin lafiya ta wannan fuska. Idan aka ga ƙarin kashi 20 ko 25, ma'anarsa kwamfuta tana tura mai fiye da lissafinta domin cike wani giɓi, kuma idan ta kai iyakar abin da aka yarje mata sai ta kunna fitilar cek injin ta ajiye lamba P0171. Idan ragi take yi har ta gaji, lambar P0172 za ta ajiye.

A nan ne ake rabuwa tsakanin mai bincike da mai canjin kaya. Wani maƙwabcina ya kawo mini Corolla ɗinsa bayan an canza masa sensar oksijin har sau biyu a wani gareji, kowane karo kuma fitilar ta dawo cikin mako guda da lambar P0171. Da muka jona na'ura muka bar motar a silo, sai muka ga ƙarin ya haura kashi 20, da muka ɗaga injin zuwa juyi 2,500 a minti kuwa sai ya sauko kusa da sifili. Wannan alama ce da duk ɗalibina ya sani: iska ce take shiga ta ɓarauniyar hanya, bayan mitar da ke auna ta. A silo iskar da injin ke ja kaɗan ce, don haka 'yar ɓaraka takan yi tasiri sosai, da gudu ya ƙaru kuma sai ta nitse cikin yawan iskar. Muka lalubo, sai ga tsagewa a ƙarƙashin robar da ta haɗa akwatin matatar iska da totur, wurin da ido ba ya gani sai an lanƙwasa ta. Sensar farko da aka cire aka yar lafiyarta ƙalau, gaskiya ta faɗa aka kore ta daga aiki. Da a ce akasin haka muka gani, wato lamba tana daidai a silo amma tana hawa idan an ba da wuta, da sai mu tuhumi famfon mai da ya gaji, ko matatar mai da ta toshe, ko kuma ƙurar hunturu da ta lulluɓe siririyar wayar da ke cikin mitar iska, abin da ya yawaita a wajenmu saboda al'adar busa tsohuwar matata da iskar mai faci har ta yage maimakon a sayi sabuwa.

Sensar ma ana iya yaudararta. Idan bututun hayaƙi ya huje a gabanta, iskar waje takan kutsa ta sa ta ɗauka mai ya yi kaɗan, sai kwamfuta ta yi ta ƙara man da ba a buƙata. Haka idan fulogi ɗaya ba ya kawo wuta, oksijin ɗin da bai ƙone ba zai wuce ta kanta, ita kuwa oksijin kaɗai take gani, ba ta ganin ɗanyen man da ya biyo shi. Tana kuma mutuwa da gaske, ba na musu: tsufa yakan sa ta yi nawa, kodayake na zamani sukan kai wajen kilomita 160,000, kuma baƙin man da injin ke ƙonawa, da ruwan lagireto da ke zurarewa ta gaskit, da gam ɗin silikon da ake laftawa a madadin gaskit, duk suna kashe ta da wuri. A da can fetur mai darma ne babban makashinta, amma wannan ya kau, domin Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe a duniya da ke sayar da shi ga motoci, ta daina a 2021. Wani kuskuren kuma ya shafi motocin Toyota da suka cika titunanmu. Da yawa daga cikin Camry da Corolla na shekarun 2000 zuwa yau, sensarsu ta gaba wani nau'i ne daban mai faɗin awo, wanda ba ya lilo tsakanin 0.1 da 0.9, sai dai a gan shi a na'ura ya tsaya wajen volt 3.3 idan komai yana daidai. Rewayan da bai san wannan ba yakan ce ta mutu tunda ba ta motsi, ya je kasuwar kayan gyara ya sayo ta gama-gari mai kama da ita a ido, ya yanke waya ya haɗa, daga ranar kuma motar ta shiga shan mai na gaske.

Yanzu in dawo kan batun sanyi. Kusan ya zama ƙa'ida a garejinmu cewa da zarar mota ta iso daga Kwatano sai a cire mata tamostat, a kuma haɗa fanka kai tsaye da makulli, wai an yi ta ne domin ƙasar ƙanƙara. Wannan magana ba ta da tushe, domin irin motocin nan ana tuƙa su da tamostat ɗinsu a Saudiyya da jihar Arizona, inda zafi bai gaza na Maiduguri ba. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin injin har ya kai zafin da aka tsara, wajen digiri 82 zuwa 90 gwargwadon irin motar, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. Idan babu shi, ruwa yana zagayawa tun daga tashi, fanka kuma tana busawa babu tsayawa, don haka direban da ya bar Katsina da asubar hunturu zai iya cin tafiya mai nisa injinsa bai kai zafin aiki ba, sensar zafin ruwa tana ta shaida wa kwamfuta cewa har yanzu da sanyi, ita kuma tana ta ƙara mai bisa gaskiyar abin da aka gaya mata. Ragowar man nan ba a banza yake tafiya ba, yakan wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara cikin kwano ya tsinka shi, zobban fistin su ci kansu, bayan shekara biyu a ce injin Beljiyam ba shi da ƙarko. Na san dalilin da ya sa makanikai suke yin haka, kuma dalili ne da ya samo asali daga abin da suka gani da idonsu: tamostat yakan maƙale a rufe, mota ta tafasa, gaskit ya ƙone. Amma abin da ke maƙalar da shi galibi tsatsa ce da ƙanzon ruwan rijiya da muke ɗurawa a lagireto a maimakon ruwan sanyaya injin na ainihi, kuma kuɗin sabon tamostat bai kai abin da motar za ta sha na ƙarin mai cikin 'yan watanni ba.

Indomi ma haka. Ana fasa shi a cire saboda filatinam da faladiyam da rodiyam da ke cikinsa suna da masu saye, wani lokaci da sanin mai motar, wani lokaci kuma sai dai ya ji ƙarar salansarsa ta canza. Cire lafiyayyen indomi ba ya rage shan mai, abin da yake jawowa shi ne sensa ta biyu, wadda ke bayansa tana sa ido a kan aikinsa, ta kai rahoto a ajiye lamba P0420, gubar da ya kamata a tace kuma ta fita kai tsaye zuwa hancin mai tallan da ke tsaye a bakin danja. Na yarda cewa wanda ya narke ya toshe yana shaƙe injin, kuma sabo yana da tsadar da ba kowa zai iya ba, amma ko an cire shi ya kamata a tambayi abin da ya narkar da shi, domin kusan kullum ɗanyen mai ne daga fulogin da ba ya wuta ko nozul mai yoyo, kuma wannan cutar tana nan bayan an jefar da gawar. Shi kuwa mai zare soket ɗin sensa, ko mai cire kan batir domin fitila ta mutu, ko mai manna baƙin salatif a kan gilashin dashbod, ban ga abin da zan ce masa ba illa cutar tana nan, idan kuma sensa aka zare, motar ta koma aiki da lissafin da aka zuba mata a masana'anta, ba tare da mai gaya mata ta yi daidai ko ta kauce ba, kuma irin wannan lissafin yakan fi karkata ga yawan mai.

Akwai masu saita injin na gaske, waɗanda ke sake rubuta jadawalin da ke cikin kwamfuta domin motocin tsere, amma su ma ba da kunne suke yi ba, sensa mai faɗin awo suke ɗaurawa suna karanta lamba a kowane mataki na gudu da nauyi. Mu abin da ya fi kusa da mu daga wannan fanni shi ne mayar da motoci kan iskar gas ta CNG, wanda gwamnatin tarayya take ƙarfafawa tun 2023. Awon gas ɗin daban ne, wajen 17.2 ne a maimakon 14.7, kuma ƙaramar kwamfutar da ake ƙara wa motar tana kwaikwayon umarnin ta asali ne. Hanyar gane ko mai haɗin ya iya aikinsa ita ce a duba lambobin nan biyu na STFT da LTFT motar tana kan fetur, a juya ta kan gas a sake dubawa, a silo da kuma a kan hanya. Idan suka yi nisa da juna, saitin bai kammala ba, kuma motar za ta riƙa fizga duk lokacin da aka koma fetur saboda ta haddace gyaran da ba nasa ba. Waɗannan lambobi har ingancin mai suna iya tona wa asiri, kamar irin fetur mai yawan sinadarin methanol da aka shigo da shi ƙasar nan a watan Fabrairun 2022, domin methanol iskar da yake buƙata ba ta kai rabin ta fetur ba, don haka dole kwamfuta ta nemi ƙari.

Roƙona ga ƙungiyar makanikai ta NATA da hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci shi ne horon da suke shiryawa ya sauko har garejin unguwa, kuma a yi shi da Hausa, domin yaran da ke koyon aiki a Kofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna ba basira suka rasa ba, wanda zai zauna ya nuna musu ma'anar lambar da ke fuskar na'ura suka rasa. Da yawa a yanzu suna da na'urar, amma iyakar amfaninta a hannunsu a karanta lambar laifi a goge. Shi kuma mai mota, kafin ya biya kuɗin sensa ko nozul ko birenbos, ya nemi a nuna masa abubuwa uku injin yana da zafi: digiri nawa ruwan ya kai, nawa gyaran mai yake a silo, nawa yake a juyi 2,500. Aikin minti goma ne, kuma ya rubuta abin da ya gani a takarda domin ya kwatanta bayan an gama gyaran.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin koyar da gyaran mota,
Kaduna.